Tankin Mota Ma Yana Numfashi

Mu a layinmu mota ba ta zuwa gareji sai majalisa ta gama da ita. Da zarar an ga mutum ya buɗe bonet ya riƙe ƙugu, kafin la'asar labari ya iso kan benci, kowa kuma da tasa fatawar. Muna da tsohon direban tasha da duk muke kira Baba Direba, muna da Malam da ke koyar da kimiyya a sakandare, muna da wani matashi da ya yi shekaru yana koyon rewaya kafin ya koma sayar da wayoyi. Sauran mu ne masu motoci da masu miƙa sifana. Yawancin motocin layin irin masu kwashe iyali ne, Sienna da Sharan da Odyssey, sai Kia Sedona guda ɗaya ta Alhaji na gidan kwana. Gidan yawa ƙaramar mota ba ta yi masa, ga kai yara makaranta, ga biki, ga zuwa ƙauye da buhunan hatsi a dawowa.

Sedonar ce ta tayar da zancen da muka kwana biyu muna yi. Mota lafiya lau take tashi, lafiya lau take gudu, amma ta ƙi shan mai. Yaron gidan mai ya sa famfo, ko lita biyu ba su shiga ba sai ka ji ƙas, ya katse. Ya sake matsawa, ya sake katsewa, mai ya taso har baki alhali allura tana can ƙasa. Na baya suna ta danna hon. Alhaji ya ɗauka famfon ne ba shi da kyau, ya canza gidan mai, abin bai canza ba. Wutar cek kuwa ta daɗe a kunne, kuma kun san mu da wutar cek: in dai mota tana tafiya, wani har baƙin salatif yake liƙa mata don kada ta dame shi da dare.

Baba Direba ne ya fara tambaya. "Alhaji, in ka buɗe murfin tanki da tsakar rana, tana yin huci?"

"Sosai kuwa, Baba. Har sai na ja da baya."

"To ba ta numfashi. Wani abu ya toshe mata hanci."

Malam ya karɓa, ya nuna teburin mai shayi. Ya ce ku dubi gwangwanin madara, me ya sa ake huda shi wuri biyu? Ɗaya madara ta fita, ɗaya iska ta shiga. Toshe ɗayan da yatsa ka ga yadda za ta riƙa fita da ƙyar. Tankin mota haka yake. In inji yana zuƙar mai, dole iska ta shiga ta cike gurbinsa. In ana zuba mai, dole iskar da ke ciki ta sami hanyar fita. Kuma abin da ke saman mai a cikin tanki ba iska ce zalla ba, tururin fetur ne.

A motocin da, wannan tururin sararin Allah kawai ake sakar wa. Amurka ce ta hana, tun farkon shekarun 1970, saboda hayaƙin da ya addabi birane irin su Los Anjelis. Sai aka riƙa sa wani baƙin akwati na roba cike da gawayi na musamman, wanda kanikawa ke kira kanista. Tururi ya fito daga tanki ya shiga akwatin, gawayin ya kama shi ya riƙe. In mota ta ɗau hanya inji ya yi zafi, sai wani ɗan bawul ya buɗe, inji ya zuƙo iskar waje ta ratsa gawayin, ta kwashe tururin ta kai shi ya ƙone tare da mai. Daga 1996 aka wajabta wa motocin can kwamfutar da ke bincikar kanta tana kunna wutar cek, daga ƙarshen shekarun 1990 kuma aka fara tilasta cewa har tururin da ke fita lokacin shan mai ta cikin gawayin zai bi. Sienna a can ake ƙera ta, a jihar Indiyana tun 2003. Sedona daga Koriya take, amma wadda aka yi wa kasuwar Amurka dokar Amurka take bi. Duk tokumbon da ta sauka a Legas ko Kwatano daga can, da wannan tsarin ta zo, ko mai ita ya sani ko bai sani ba.

To iskar wajen nan da ake zuƙowa, ta ina take shiga? Ta wata 'yar filta ce, da ƙyar ta wuce tafin hannu, can ƙarƙashin mota ta baya, inda taya ke watsa ƙura da taɓo. Ta nan iska ke shiga, ta nan take fita. Ita ce filtar iskar tankin mai, kuma ba iya kilina ba ce da ke cikin bonet, ba kuma fiyul filta ba ce da mai ke bi ta ciki. Da yawanmu mun shekara goma muna tuƙi ba mu san da ita ba. Littafin wasu motocin Kia da Hyundai na kasuwar Amurka ya sa ta a jerin abubuwan da ake canzawa, a wasu samfurori duk mil 30,000, wato kusan kilomita 48,000. Amma wa ya taɓa ganin littafin tokumbo? In ma ya iso, yana can cikin aljihun gaba tare da tsofaffin rasidai.

Yanzu ku auna wannan lissafin da hanyoyinmu. Hunturu ya zo, hazo ya rufe gari wata da watanni, ƙurar nan mai laushi da ke shiga har cikin akwatin kaya a ɗaki. Ga layukan unguwa marasa kwalta, ga hanyar ƙauye ta jar ƙasa ana bin bayan tifa. Damina ta sauka, mota ta faɗa kwatami, ruwa ya jiƙa ƙurar da ta taru, ta bushe ta zama dunƙule. Ga kuma zanzaro, wanda in mota ta yi mako biyu a ajiye ya ga bakin tiyo a buɗe, sai ya gina ɗakinsa na laka a ciki. Da matashin nan ya faɗi haka wasu sun yi dariya, sai Malam ya ce ba abin dariya ba ne: a 2011 kamfanin Mazda ya kira motoci fiye da dubu 50 a Amurka saboda wani gizo-gizo da ke saƙa a cikin tiyon numfashin tanki, har ana tsoron tankin ya tsage.

Sai dai ƙura rabin laifin take ɗauka. Sauran rabin namu ne, kuma a nan ne majalisa ta yi zafi. Mu in mun ce a cika tanki, ba katsewar famfo muke nufi ba. Famfo ya yi ƙas, mu ce ƙara. Ya sake yi, mu ce cike kuɗin su zama dunƙule. Direban haya ya sauko ya dafa mota yana jijjiga ta, wani ma sai ya sa a hau da tayar baya kan dutse don ta karkace, har sai ya ga mai da idonsa yana ƙyalli a bakin tanki. Ni ban ga laifin zuciyar da ke sa mu haka ba. Wanda ya taɓa kwana a layin mai, wanda ya taɓa tsayawa a daji yana cinikin galan da 'yan bumburutu, ba zai bar gidan mai da gurbi a tankinsa ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. In mutum ya ji gobe za a ƙara kuɗi, yau zai ɗura duk abin da zai shiga.

Amma gurbin nan da muke haushi, da gangan aka bar shi. Fetur yana kumbura in ya ji zafi, kusan kashi 1 cikin 100 a duk digiri 10. Daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa da ɗan sanyinsa, ya shiga tankin da ke ɗaukar fiye da lita 70, a ajiye motar a ranar watan Afrilu da ke wuce digiri 40 a Kano. Abin da ya ƙaru ina zai je? Tiyon tururi zai bi, ya gangara cikin gawayi. Gawayin kuwa don tururi aka yi shi, ba don ruwan mai ba. In ya jiƙe ya daina aiki, ƙwayoyinsa su farfashe su bi tiyo su toshe bawul. Ka ga 'yar litar da aka matsa don a yi riba, ita za ta ja sayen kanista sukutum.

Baba Direba bai yarda nan take ba. Ya ce, "Malam, ni shekaru nawa ina Kano zuwa Abuja, kullum har baki nake cikawa, ban ga abin da ya faru ba."

"Allah ya ƙara girma, Baba, ai kai kana cikawa kake ɗaukar hanya. Kafin ka wuce Kwanar Dangora mai ya sauka. Alhaji fa? Ya cika ya zo ya ajiye a ƙofar gida, rana ta yini a kanta."

Ya yi shiru, sannan ya ce wannan kam magana ce.

Kafin a taɓa komai, matashin ya kawo 'yar na'urarsa da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari ta yi magana da waya. Ta nuno P0446. Ya ce duk lambobin da suka fara daga P0440 zuwa sama kaɗan na wannan ɓangaren ne, amma ba duka ke nufin abu ɗaya ba. P0455 babban yoyo ne, kuma sau da yawa murfin tanki ne ba a ɗaure ba ko robarsa ta tsage. P0442 da P0456 ƙananan yoyo ne. P0446 kuwa hanyar shigar iskar ce ke da matsala, ko filta, ko bawul ɗin da ke kusa da ita, ko wayarsa. Shi ya sa ya ce a fara da murfi tukuna, don shi ne mafi araha. Mun duba, robarsa lafiya, yana yin ƙaras-ƙaras in an murɗa. Ya kuma ce ɗan huci kaɗan in an buɗe murfi ba cuta ba ne, mai ƙarfi da tsawo shi ne abin dubawa.

Neman kayan ya fi aikin wuya. A Ƙofar Ruwa kusan babu abin mota da ba za ka samu ba, amma wannan ba a cika tambayarta ba, don haka in ka je da baki kawai sai a miƙo maka fiyul filta. Mu abin da muke yi, a leƙa a ɗauki hotonta da waya, a rubuta lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke jikin gilashin gaba, a tafi da su. Sabuwa ake nema. 'Yar Beljiyam tana da kyau a kayan ƙarfe, amma tsohuwar filta ai ƙurar wani ka sayo. Alhaji sai da ya jira aka aiko masa daga Legas.

Ranar aiki da safe muka yi, kafin rana ta ɗaga, inji a sanyaye, tanki bai kai rabi ba. Abu na farko da Baba Direba ya yi shi ne korar wuta. Ya sa aka tura motar nesa da mai shayi, ya leƙa gidan Alhaji ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, kada a fito da kurfoti zaure sai mun gama." Ya hana kunna janareto, ya ce mai sigari ya tsallaka titi. Wannan ba tsanani ba ne. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe, ba ka ganinsa, ya tarar da garwashi a nesa wutar ta biyo shi ta dawo. Duk wanda ya ji abin da ya faru a Majiya ta Jigawa a watan Oktoban 2024, inda mutane fiye da 150 suka rasu a gobarar tankar mai, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Allah ya jiƙansu. Kuma a fili ake yi, ba a cikin rufaffen gareji ba, don shaƙar tururin kansa illa ce.

Sai ɗaga mota. A nan ma muna da halin da ya kamata mu bari: jak ɗaya tal, mutum ya zura kansa ƙarƙashi. Ko a jera bulo, wanda ba ya gargaɗi kafin ya ruguje. An ja burkin hannu, an sa duwatsu gaba da bayan tayoyin gaba, an ɗaga da jak, sannan aka aro ƙafafun ƙarfe biyu wajen mai faci aka ɗora motar a kansu. Tayar da aka cire aka kwantar da ita ƙarƙashin gefen motar, ko da wani abu zai zame. An cire kan batir na baƙar waya da sifana lamba 10. An buɗe murfin tanki ya huce, aka mayar.

Matashin ne ya shiga, a kan buhu, da tocilar goshi. Ni ina tsugune ina miƙa kaya, don haka na ga abin da kyau. Duk wurin launin ƙasa ɗaya ne, ba ka bambance roba da ƙarfe. Sai da ya sa tsohon buroshi ya kakkaɓe sannan kanistar ta bayyana kusa da tanki, da tiyoyi suna shiga suna fita, da 'yar filtar a gefe. Kafin ya taɓa komai ya ɗauki hoto, ya sake ɗauka ta wani ɓangaren. Ya ce tiyoyin nan in ka cire su duka ka juya baya, ba za ka tuna wanne ne na ina ba. Notin da ke riƙe da ita ya yi tsatsa, ya ɗiga masa mai ya jira, bai yi masa ƙarfi ba. Kilif ɗin roba ne abin tsoro, don zafi da shekaru sun busar da su. Ana matsa kunnuwansu biyu ne da yatsa a murza tiyon a hankali har ya saki. Wanda ya sa sukudireba ya ɓanɓare, ya karya, aikin rabin awa ya zama na kwana uku. Da tiyon ya fita ya toshe bakinsa da tsumma mai tsabta don kada ƙasa ta faɗa ciki.

Ya miƙo tsohuwar. Alhaji ya ƙwanƙwasa ta a kan siminti, jar ƙasa ta zubo har ta yi 'yar tsibi, da guntun laka busasshe, da fiffiken wani ƙwaro. Aka kawo famfon keke aka hura mata iska, da ƙyar take wucewa. Aka hura wa sabuwar, fuu, ba abin da ya tare. Alhaji ya ce, "Ikon Allah. Wannan 'yar abar ce ta sa nake jin kunya a gidan mai?"

"Ita ce, ranka ya daɗe. Amma bari mu duba gawayin kafin mu yi murna."

Wannan dubawar ita ce ta raba mai sani da mai ƙaramin sani. Ya zare tsumman ya leƙa cikin tiyo, ya karkaɗa shi a tafin hannunsa. Da baƙaƙen ƙwayoyi sun zubo, ko ɗanyen mai ya ɗigo, to kanistar ta mutu, sabuwar filta ba za ta tashe ta ba. Bai ga komai ba, a bushe yake. Ya duba soket ɗin bawul, ya goge, ya tabbatar ɓera bai ci wayar ba. Sannan ya ɗaura sabuwar yadda hoto ya nuna, bakinta yana kallon inda tsohuwar ke kallo, ya tura tiyo har ya ji kilif ya kama. An mayar da taya, an sauke mota, an ɗaura batir.

Wani daga cikinmu ya ce ai da an wanke tsohuwar da fetur an mayar, an huta da kashe kuɗi. Ba a wankewa. In takura ta sa, a kakkaɓe ta a bushe a mayar kafin sabuwa ta iso, amma ba a jiƙa ta, ba a kuma sa injin iskar mai faci a hura cikin kanista, don ƙarfinsa zai fasa abin da ke riƙe da gawayin. Akwai kuma shawarar da ta fi wannan muni, wadda ake yawan ba mutane: a cire kanistar gaba ɗaya a jefar, a bar tiyo a sake, wai kayan Turawa ne marasa amfani. Ni wannan ba na goyon bayansa ko kaɗan. Tiyon da aka bari a buɗe ƙura zai riƙa sha kai tsaye zuwa tanki, ta je ta kashe fiyul famfo. Tururin da ya kamata inji ya ƙona, wanda kuɗinka ne, ya tsiyaye a iska. Motar kuma ta riƙa warin fetur, a cikinta yara bakwai gilashi a rufe, da dare kuma tana kwana a tsakar gida kusa da tagar ɗaki da madafa.

Da yamma Alhaji ya je gidan mai ya dawo yana fara'a. Mai ya shiga tiryan-tiryan, famfo bai katse ba sai da tanki ya cika, shi kuma ya ce wa yaron, "Ɗana, bar shi haka." Wutar cek ta mutu tun da aka cire batir, amma matashin ya gargaɗe shi cewa wannan ba hujja ba ce tukuna. Kwamfutar sai ta sake gwada tsarin da kanta, kuma yawancin motoci ba sa yin gwajin in tanki ya cika maƙil ko ya kusa ƙarewa, sai yana tsaka-tsaki. Wato mu da muke shan na dubu biyar-biyar allura tana kwance a ja, motarmu tana iya yin wata ba ta gwada ba. Ya ce a ba ta mako guda ana hawa da rabin tanki, in wutar ba ta dawo ba an gama.

Tsohuwar filtar ba mu bar wa yara ba, ba mu kuma jefa ta bolar da ake cinna wa wuta ba. An ƙulle ta a leda an ba masu kwasar shara.

Yanzu masu Sienna sun taso, kowa yana so a leƙa tasa. Sai dai ba duka ake yi a ƙofar gida ba. A wasu motocin filtar a ware take kamar ta Alhaji, a wasu tana haɗe da kanistar, a wasu kuma sai an sauke abubuwa da yawa kafin hannu ya kai. Irin wannan muna cewa mutum ya tafi wurin mai rami, mu raka shi da lambar da na'ura ta nuna don kada a yi ta canje-canjen kaya a kan zato. Baba Direba ya ce shi ya yarda zai riƙa tsayawa a katsewar farko in zai ajiye mota, amma ranar da zai yi lodin Abuja, ko aka ce mai zai yi wuya, kada wanda ya yi masa maganar gawayi. Malam ya ce ko ranar ma jijjigar ce dai a bari. Ba su gama daidaitawa ba aka kira magariba, kuma Asabar mai zuwa Odyssey ɗin gidan liman ce a layi.